Abin da ke cikin kwalbar Baba Dikko

Kai da kake karanta wannan, wayarka tana kusa ko? Ɗauko ta ka duba. Bidiyon tsohon nan da aka durƙusar a kasuwar Talatar Mafara, hularsa a ƙasa, gaban rigarsa jiƙe da jan ruwa, ana ta yi masa ihun giya, yana nan a ciki ko ka goge? Mutum nawa ka tura wa? Kafin ka tura, ka tambayi ko da mutum ɗaya abin da tsohon yake sayarwa?

To, tsohon ya rasu.

Baba Dikko mai tsimi ya cika da hantsin Laraba, 14 ga watan Agusta, 2024, a ɗakinsa da ke nan Talatar Mafara. An kai shi makwancinsa bayan Azahar. Wanda ya ba da aron rai ya karɓi abinsa, mu ma kiranmu yana tafe, wannan ba ni da ta cewa a kai. Abin da nake da ta cewa a kai shi ne jama'ar da ta tsaya a kan gawarsa. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa da tsufansa yana jiƙa wa garin nan magani, har Bakura, har Maradun, sahun jana'izarsa bai kai na sallar Asuba a ranar da aka tashi da ruwan sama ba.

Baba, ni ne Sulaiman mai faci, wanda rumfarsa take jingine da taka, wanda ba ka taɓa kira da sunansa ba sai Gajere. Ban yi boko mai nisa ba. Karatun ma a jikin allunan shaguna da takardun ƙunshin ƙosai na harhaɗa shi, don haka masu iya tsara ta'aziyya su yi haƙuri da ni. Na jira su rubuta, ba su rubuta ba.

Ban manta shekarar da shawara ta kwantar da mahaifiyata ba. Idanunta suka koma ruwan ɗorawa, ba ta riƙe komai a ciki. Na zo rumfarka neman tsimi, ka ƙi ba ni, ka ce sai ka gan ta da idonka. Ka bar kayanka a buɗe ka biyo ni. Da ka duba ta sai ka mayar da kwalbar da ka zo da ita aljihu.

"Gajere, wanga ya wuce tsimi. Asibiti za mu, yanzu."

Na tsaya gardama, kamar yadda na saba.

"Kai dai bakinka ya hi ka tsawo. Ɗauko mashin."

Kai ka zauna a baya ka tallafe ta har muka isa, babbar rigarka tana shan ƙurar taya. Masu magani nawa ne a kasuwar nan za su buɗe baki su ce maganinsu bai isa ba? Ni dai ɗaya na sani, shi ne muka binne ranar Laraba. Mahaifiyata tana nan da ranta. Da aka gaya mata rasuwarka sai ta ce a ɗebo mata ruwan alwala.

Lokacin da mutanen ƙauyuka suka fara kwararowa cikin gari da tabarmi a ka, akwai mata masu ɗanyen jego a cikinsu, suna kwana a kangayen da ba a gama ginawa ba. Kowa ya kai abin da ya kai, tsaki ko tsofaffin zannuwa. Kai ka tuna abin da ba wanda ya tuna: mai jego tana buƙatar ruwan zafi. Ka riƙa kai itace a kan tsohon kekenka, da tsimin jego a kwando, kana tsayawa daga bakin ƙofa ka yi sallama ka miƙa, ba ka ɗaga ido. Wasu daga cikin jariran nan yau suna gudu a unguwarmu.

Da la'asar kuwa, in kasuwa ta yi sanyi, sai dara da abokinka Baba Lazarus, tsohon ma'aikacin ruwa da ya yi ritaya ya ƙi komawa garinsu. Kullum shi yake cinye ka, kullum kuma kai ne mai baki.

"Ci abinka, Lazarus. Basir ɗinka dai hannuna shike, za ka taho."

Ba don a ce kai waliyyi ne nake faɗin waɗannan ba. Kana da taurin kai, kana da mita, kuma in ka fara bayanin totuwa sai mutum ya nemi hanyar gudu. Amma yau dole in yi wannan bayanin a madadinka, domin a kansa aka kashe maka suna.

Tsimin Baba Dikko na shawara ne da basir da jego. Tsamiya ce da sassaƙen marke da citta da kanumfari da masoro, a dafa, a tace, a kashe ɗacin da mazarƙwaila, a ɗura a tsofaffin kwalaben lemo da aka wanke da ruwan zafi. Da totuwar masara yake toshe bakin kwalbar, kuma ba kowace totuwa ba. Yana da gona a bayan Damri, garin haihuwarsa, inda yake shuka wata 'yar ƙaramar masarar gargajiya mai jar totuwa siririya, mai tauri kamar icce. Ba don hatsin yake shuka ta ba. Zai shanya totuwar a kan rufi ta bushe ƙarau, ya yayyanka, ya fiƙe kowace da wuƙa daidai bakin kwalba, ya tafasa, ya sake shanyawa. Na sha yi masa tsiya cewa wahalar murfinsa ta fi ta maganinsa.

"Tsimi abu ne mai rai, Gajere," in ji shi. "Shina numfashi cikin kwalba kamar ni da kai. Totuwa tana barinai ya huta. In ka toshe mai hanci gaba ɗai, sai ya nemi hanya da kainai."

Totuwar ma ba ta rasa aibi ba, shi da kansa ya sani. Tana kiran tururuwa. In kwalba ta kwanta a mota sai ta yi yoyo ta ɓata wa fasinja kaya. Da damina in ba a kula ba tana yin fumfuna. Amma ya san halinta, ita ma ta san nasa.

Sai gona ta gagari shiga. Ba sai na gaya wa ɗan yankin nan dalili ba. Damina ta wuce, wata ta wuce, buhun totuwar da ya tara ya yi ƙasa ya ƙare. Ya gwada ta masarar noman rani da ake samu a gari, ga ta nan tuli a bakin masu gashi. Ƙatuwa ce, cikinta fanko, tana marmashewa ta faɗa cikin magani, ta yi baƙi da wuri. Ga shi kuma shi kansa ya daina bin hanyar Maradun, sai dai ya ba direba saƙo, direbobi kuwa sun gaji da kwalba mai yoyo.

A nan maganar matoshin roba ta shigo, irin fararen nan da masu manja da kananzir suke saye a leda, a danna a bakin kwalba ya kama gam. Ya daɗe yana juya abin. Ina zaune a zaurensa wata rana na ji su da matarsa, Inna Asabe, ta cikin gida.

"Malam, duniya duk ta koma roba. Kai kaɗai anka bari kana hiƙe totuwa kamar ɗan makaranta da fensir."

"Manja ba shi numfashi, Asabe."

"To wadda kake samu yanzu hwa? Jiya ba ni na tsamo ɓarɓashinta cikin maganin mutane ba? Wane ya hi, roba mai tsabta ko ruɓaɓɓar totuwa?"

Gaskiya ta faɗa. Duk wanda ya ga totuwar nan zai faɗi haka. Ya sayo robar, ya ɗura kwalba ɗaya, ya danna, ya kife ta a gabana yana girgizawa.

"Duba, Gajere! Ko ɗigo!"

Yana dariya kamar yaron da aka saya wa sabon takalmi. Ya yi lissafinsa: tsimin da aka ɗura yau aka sayar gobe ba shi da lokacin da zai tashi. Kuma haka aka yi ta tafiya lafiya tun kaka har cikin bazara. Direbobi suka daina ƙorafi, tururuwa ta daina zuwa.

Kuskurensa ɗaya ne. Ya ɗura kwalabe masu yawa don Maradun, hanya ta ƙi biyuwa, direban bai zo ba. Kwalaben suka zauna a ɗaki mai rufin kwano, a tsakiyar zafin bazara, har wata kasuwar ta zagayo. Da totuwa ce, da warin ya gaya masa tun daga bakin ƙofa cewa maganin ya juya, ya zubar kamar yadda ya saba. Roba ba ta gaya masa komai ba. Ya zuba su a buhu ya kawo kasuwa, ya ajiye a rana, ya tsaya gaisawa da mutane, kun kuma san gaisuwar Baba ba ta ƙarewa.

Tau! Matoshi ɗaya ya yi sama. Tau! Na biyu. Na uku.

A yankinmu yanzu in aka ji tau ba a tsayawa tambaya. Kasuwa ta watse. Aka tattake tumatir, aka kifar da tiren goro, mata suka suri 'ya'yan da ba nasu ba. Zubairu mai shagon waya ya tsallake kwata ya bar takalminsa ƙafa ɗaya a ciki. Da ƙura ta lafa aka ga ba kowa sai tsoho tsaye a kan buhu mai kumfa, sai kunya ta kama maza, kunyar kuma ta nemi wanda za ta huce a kansa. Zubairu ya dawo da takalmi ɗaya da waya a kunne tana ɗauka, ya zaro kwalba ya shinshina.

"Wallahi giya ce! Jama'a, giya tsohon nan ke saidawa!"

Sauran kun gani a wayoyinku. Ni ina tasha ina cire wa wata mota taya, ko da na iso an gama, an farfasa kwalaben, kowa ya koma rumfarsa yana ba da labarin yadda shi bai gudu ba. Abin da bidiyon bai nuna ba shi ne wanda ya tsinci hular. Baba Lazarus ne. Ya kaɗe ta, ya ɗora masa a ka, ya kama hannunsa suka fita daga kasuwa a hankali, tsofaffi biyu.

Maganin ya lalace, wannan ban musa ba, shi ma bai musa ba. Ya yi tsami, ya yi kumfa, ba zai shayu ba. To ina tambaya: waye a cikinku bai taɓa buɗe gorar kunun aya da ta wuni a rana ya ji ta yi huci ba? Furar da ta kwana a rufe ba ta kumbura gora? Wa ya taɓa durƙusar da mai fura a kasuwa? Kun sha tsimin mutumin nan tun kuna goye, iyayenku mata sun sha shi da jegonku. A kawo min mutum ɗaya da ya taɓa yin tangaɗi a kansa. Ɗaya tak.

Baba, abin da ya biyo baya ya fi marin da aka yi maka a kasuwa ciwo. Yara suka sa maka waƙa. Matan da suke aiko da kwalba ta bayan gida suka daina. Mabuɗin masallacin unguwa, wanda yake hannunka tun kafin a haife ni, kai ke buɗewa ka share ka shimfiɗa tabarmi, aka aiko aka karɓa wai don ka huta. A sahu sai ka ga wanda ke gefenka ya ɗan matsa, kaɗan dai, yadda ba za a ce ya matsa ba. Ka koma gida ka tuntsurar da randunan tsimi duka a bayan ɗaki, har masu kyaun, ɗiyarka Nazifa tana riƙe hannunka tana kuka, ita da ka koya wa haɗin tun tana ƙarama. Ka kife randunan. Har yau a kife suke.

Na ɗauka zagin mutane ne yake cin ka. Ashe ba shi ba ne. Wata safiya ka aiko aka kira ni, na same ka da kwalba ɗaya da ta rage a gida daga cikin waɗancan, ka ce in raka ka wurin Malam Hamidu, limamin masallacinmu. Muka same shi a zaurensa. Bayan doguwar gaisuwa ka ajiye kwalbar a gabansa.

"Allah shi gafarta Malam, tambaya nika yi don lahirata. Wanga abu giya ne?"

Malam ya buɗe ya shinshina. Ya tambayi abin da ake zubawa, ka lissafa masa. Ya tambaya ko da niyyar ya yi ƙarfi kake ajiye shi, ka ce in ya juya zubarwa kake yi. Ya tambaya ko an taɓa kawo maka labarin wanda ya sha hankalinsa ya gushe, ka ce ko sau ɗaya. Sai ya ce, da kunnena na ji:

"Malam Dikko, babu komi kanka. Magani ne ya ɓaci. Wanda ya ɓaci a zubar, shi ke nan. Ba ka shayar da kowa haram ba."

Na ga kafaɗunka sun sauka. Ka ce, "To Malam, don Allah a hwaɗa ma jama'a bayan Magariba."

Malam ya gyara zama ya dubi ƙofa. "A bari hankula su kwanta tukuna. In lokaci ya yi za a yi bayani."

Bazara ta ƙare, ruwa ya sauka, gero ya yi kai, lokacin bai yi ba. Kowace Magariba kana zaune a sahun baya kana jira liman ya juyo ya yi gyaran murya. Ya juyo ya yi sanarwar ɗaurin aure. Ya juyo ya yi cigiyar akuya. Tun kana zuwa har ƙafa ta daina kai ka. Kuma shirun nan ya rushe maka abin da aka gaya maka a zaure, domin ka fara tunanin ko Malam lallashinka kawai ya yi don ganin furfurarka. Zuwana na ƙarshe kana kwance, ba ka cin komai sai ruwan koko, ka kama hannuna da ƙarfin da ban zaci ya rage maka ba.

"Gajere, in da gaskiya ya hwaɗa min, mi ya hana shi hwaɗi a masallaci? In dai giya ce, masu jego nawa na ba?"

Ba amsata kake nema ba.

A zaman makoki Inna Asabe ta kira ni gefe. Idonta ya bushe, muryarta ba ta rawa, wannan ya fi kuka tayar min da hankali. Ta ce, "Sulaiman, ni na ce a sa roba. Ni na kashe shi." Inna, ki ji ni da kyau. Kin ga ruɓaɓɓar totuwa a cikin maganin mutane kin faɗi gaskiya. Matoshin roba ya lalata buhu ɗaya na tsimi, iyakar abin da ya yi ke nan. Sauran aikin mutane ne masu baki, da mai bakin da ya ƙi buɗewa.

Ya Allah, ga bawanKa Dikko ya zo maKa da tambayar da bayinKa suka ƙi amsa masa. Ka amsa masa da rahamarKa. Ka yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba. Ka yalwata masa makwanci, Ka sanyaya shi kamar yadda ya sanyaya cikin marasa lafiya. Itacen da ya kai wa matan da ba su da kowa, da tabarmin da ya shimfiɗa wa masallata kafin gari ya waye, Ka sa ya tarar da su a mizani. Ka shayar da shi abin sha mai tsarki wanda ba mai iya ɓata masa suna. Mu da muka rage, Ka kyautata namu ƙarshen.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Asabe, da Nazifa da 'ya'yanta, da dangi na Damri da suka ratso hanyar nan mai wuya suka zo. Da Baba Lazarus, wanda ya tsaya daga nesa a maƙabarta har aka gama, ya koma ya zauna shi kaɗai a gaban ramukan dara. Allah Ya ba ku haƙurin da ni ban da shi.

Zubairu, ba zan ɓata tawada a kanka ba. Tsoro ne ya kore ka, kunya ta dawo da kai, ka je ka ji da Ubangijinka.

Da kai nake, Allah gafarta Malam Hamidu. Kai ka sallaci gawarsa. A zaman makoki ka ce mutumin kirki ne, da muryar da ba ta wuce tabarmar da kake zaune a kai ba. Na san abin da kake tsoro, kada gobe a ce liman yana kare mai giya. To shi ya tafi, amma jikokinsa suna zuwa islamiyya, kuma shekaranjiya ƙaramar ta dawo tana tambayar uwarta ko kakanta yana wuta. Nazifa ba ta iya amsawa ba, don ita ma ba a gabanta ka yi maganar ba. A gabana ka yi.

Ina girmama rawaninka, a bayanka nake salla, kuma gobe da Magariba ina sahun gaba. In ka sallame ka juyo, ka riƙe lasifikar nan ka maimaita abin da ka gaya wa Malam Dikko, da ƙarfi, yadda yarinyar nan za ta ji daga tsakar gidansu. In kuwa ka canza magana, in kana ganin giya ce, shi ma ka faɗa a nan gaban jama'a mu ji hujjarka. Ɗaya daga ciki, Malam. Kada dai ka aiko a kira ni zaure.